Tukunyar nukiliya a wasan na'ura: matsalar zaɓen kalmomin Hausa

1. Gabatarwa

Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, amma ɗalibin sakandare a Dakoro da Faransanci kawai yake jin yadda wannan ma'adini ke ba da makamashi. Wasannin kwaikwayo na na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin na shirin PhET da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Kolorado a 2002, suna barin ɗalibi ya tada tukunyar nukiliya (réacteur) da hannunsa. Tambayarmu ita ce: da waɗanne kalmomi malami zai bayyana abin da ido ke gani?

2. Abin da wasan ke nunawa

Ɗalibi yakan harba nutron ga ƙwayar uraniyom 235, ta rabu biyu, ta saki zafi da nutron 2 ko 3. Idan guda ɗaya daga cikinsu ya raba wata ƙwaya, aiki ya daidaita. Idan ba su kai haka ba ya mutu, idan sun fi ya haɓaka. Sandunan sarrafawa, waɗanda ake yi da kadmiyom ko boron, suna haɗiye rarar. Haka Fermi ya yi a Shikago a 1942, haka kuma tukunyar bincike ta Zariya, wadda aka tada a 2004.

3. Kalmomi biyu masu ruɗarwa

Ta farko "fashewa" ce a madadin fission. Bahaushe yana cewa bom ya fashe, saboda haka mai sauraro zai ɗauka kowace tukunya bom ce. Mun fi son tushen "tsag-": aji na 1 a tsarin Parsons, so-karɓau (nutron ya tsaga ƙwaya), da aji na 4, ƙi-karɓau (ƙwaya ta tsage).

Ta biyu "wuta" ce. Makiyayin arewacin Dakoro ya san yadda wutar daji ke tsallakawa daga ciyawa zuwa ciyawa, da amfanin share fili don tare ta. Misalin ya dace da réaction en chaîne da aikin sandunan, sai dai a tukunya babu ƙuna, babu buƙatar iska. Muna ba da shawarar "tsagewa mai yaɗuwa".

4. Kammalawa

Aro ya ishe mu wajen sunaye (nutron, uraniyom). Aikatau kuwa shi ke ɗauke da fahimta, don haka sai a gwada kowane a aji, wasan na gudana, kafin a shigar da shi ƙamus.