Ƙauyukan tsaunukan Alps: Tarihin da narkewar ƙanƙara ke yi wa barazana

A ranar 28 ga Mayun 2025, wani ɓangare na dutsen ƙanƙara na Birch ya zaftaro ya binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen Blatten da ke lardin Valais a ƙasar Suwizalan. Kwanaki tara kafin nan hukumomi sun kwashe mazauna ƙauyen kimanin 300 tare da dabbobinsu, sai dai mutum ɗaya ya rasa ransa. Lamarin ya sake jawo hankalin duniya kan ƙauyukan tsaunukan Alps da irin rayuwar da suka gada.

Zama a kan waɗannan tsaunuka ya samo asali tun ƙarnuka da dama. A ƙarni na 13, al'ummar Walser masu magana da Jamusanci sun tashi daga Valais suka bazu zuwa arewacin Italiya da Liechtenstein da yammacin Ostiriya. Masu mulkin yankunan sun ba su 'yancin gudanar da al'amuransu, su kuma suka sare daji suka kafa gidaje a wuraren da wasu ke gudu saboda tsananin sanyi. Ƙauyen Juf, mai tsayin mita 2,126 daga doron teku, yana cikin matsugunansu da ake zaune a ciki duk shekara har yau.

Abin da ya riƙe waɗannan ƙauyuka shi ne dokokin da mazauna suka gindaya wa kansu. A shekarar 1483 mutanen ƙauyen Törbel suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kula da makiyaya da daji da ruwa a matsayin dukiyar kowa. A 1517 suka ƙara da cewa ba wanda zai kai shanu makiyayar tudu fiye da adadin da zai iya ciyarwa a lokacin hunturu. Wannan ƙa'ida ta hana cinye ciyawa har ƙasa ta mutu. Masaniya Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta kafa hujja da Törbel wajen nuna cewa jama'a na iya tsare dukiyar da suka yi tarayya a kanta.

Gine-ginensu ma na nuna dabara. Ana ɗora rumbunan katako a kan ginshiƙai, sannan a sa faffaɗan dutse tsakanin ginshiƙi da rumbu domin hana ɓeraye hawa. A ƙauyen Andermatt kuwa, tun 1397 aka haramta sare dajin da ke saman gari, domin itatuwan ne ke tare dusar ƙanƙara idan ta zaftaro.

Hukumar UNESCO ta sanya ilimin kauce wa zaftarewar dusar ƙanƙara cikin jerin al'adun gado na duniya a 2018, haka kuma al'adar hawa tudu da shanu lokacin zafi a 2023.

Sai dai dokokin ƙauye ba su da iko a kan ɗumamar yanayi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, duwatsun ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu. Masana sun yi gargaɗin cewa narkewar ƙanƙarar da ke ɗaure duwatsu na ƙara haɗarin zaftarewa. Duk da haka, hukumomin Blatten sun bayyana aniyarsu ta sake gina ƙauyen a kwarin da kakanninsu suka zauna.