Gaskiya da Jita-jita Game da Na'urorin Numfashi na Masu Ɗaukewar Numfashi a Barci

Ɗaukewar numfashi a barci ciwo ne da ke faruwa idan tsokokin maƙogwaro suka saki bayan barci ya yi nauyi, har harshe da ganɗa suka zube baya suka toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, sai iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mai barcin na ɗan lokaci domin ya ja numfashi, sannan ya koma barci ba tare da ya san abin da ya faru ba. Wanda ke kwana kusa da shi ne ke jin minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai kuma shaƙuwa kamar an riƙe masa wuya, shi kuwa abin da ya sani kawai shi ne ciwon kai da safe, da yawan tashi fitsari, da gyangyaɗi a wurin aiki ko a kan sitiyari. Likitoci suna auna tsananin ciwon da yawan lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu a cikin awa ɗaya ta barci: daga 5 zuwa 14 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a shekarar 2019 ya nuna cewa mutane kusan miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya, kuma miliyan 425 daga cikinsu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani.

Babban maganinsa shi ne na'urar da ake kira CPAP, wadda ke hura iskar ɗaki da matsi maras yankewa ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci ko kan hanci da baki, domin iskar ta tokare bangon maƙogwaro kamar yadda take tokare tayar keke ta hana ta lotsewa. Likita Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni na Ostireliya a 1980, da injin na'urar share ƙura da aka juya aikinsa, kuma ya buga sakamakon gwajinsa a kan marasa lafiya biyar a mujallar Lancet a 1981. Kamfanin Respironics na Amurka ya fara sayar da irin wannan na'ura a 1985, sannan Philips na ƙasar Holan ya saye shi a 2008, yayin da aka kafa ResMed a Ostireliya a 1989 bisa aikin Sullivan. Ban da waɗannan biyu, akwai Fisher & Paykel na Niyuzilan, da Löwenstein na Jamus, da BMC da Yuwell na ƙasar Sin. Yawan kamfanoni da tsadar na'urar sun haifar da maganganu iri-iri a tsakanin masu saye, waɗansu ƙarya ne zalla, waɗansu kuma gaskiya ce da aka faɗaɗa har ta wuce iyakarta.

Da'awar cewa kamfani ɗaya ya fi sauran magani

Wannan magana ba ta da tushe idan ana batun na'ura mai matsi tsayayye. Ana auna matsin iskar da tsayin ruwan da za ta iya tunkuɗawa a cikin bututu, kuma kusan duk na'urorin suna aiki tsakanin santimita 4 da 20, saboda haka matsin santimita 10 daga na'urar Jamus daidai yake da matsin santimita 10 daga na'urar Ostireliya muddin an daidaita ma'auninsu. Inda bambanci yake da gaske shi ne a na'ura mai sarrafa kanta, wadda ake kira APAP, domin ita tana lura da numfashin mai barci ta ƙara matsi ko ta rage shi, kuma kowane kamfani yana da tsarin lissafinsa na sirri. Gwaje-gwajen da aka yi da huhun roba a ɗakunan bincike sun nuna cewa wata na'urar tana saurin ɗaga matsi da zarar hanyar iska ta fara ƙuntata, wata kuma tana jinkiri, wanda ke sa wani majinyaci ya fi jin daɗin wannan, wani kuma waccan. Haka nan kamfanoni sun bambanta a dabarar sassauta matsi lokacin fitar da numfashi, da ƙarar inji, da girman tukunyar ruwan da ke sa wa iska danshi, da manhajar waya mai nuna rahoton dare. Waɗannan abubuwa suna da muhimmanci domin su ne ke sa mutum ya jure kwana da na'urar, amma ba su zama hujjar cewa akwai sunan da ya fi kowa warkarwa ba. Ko adadin ɗaukewar numfashi da na'ura ke nunawa da safe ba a kwatanta shi kai tsaye tsakanin kamfanoni, saboda kowacce da yadda take ƙirga nata.

Da'awar cewa na'urorin Philips suna kashe mutane

A nan ne gaskiya ta fi yawa, kuma a nan ne aka fi buƙatar tantancewa. A ranar 14 ga Yunin 2021 kamfanin Philips ya sanar da janye miliyoyin na'urori, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ce sun kai kusan miliyan 15 a duniya idan aka haɗa da injinan taimakon numfashi na asibiti. Dalili shi ne wani soso da aka sa a cikin injin domin rage ƙara, wanda aka gano yana iya rududdugewa ya zama baƙin gari da mai barci zai shaƙa ko ya haɗiye, yana kuma iya fitar da sinadarai a iskar da ke shiga huhu, kuma zafi da danshi suna hanzarta lalacewarsa. Janyewar ta shafi samfura da aka ƙera daga 2009 zuwa 26 ga Afrilun 2021, ciki har da DreamStation na farko da System One, kuma hukumar ta sa ta a aji mafi haɗari na janye kaya.

Daga Afrilun 2021 zuwa Satumban 2023 hukumar ta karɓi rahotanni fiye da 116,000 game da waɗannan na'urori, 561 daga ciki na mutuwa ne, sai dai ita kanta ta bayyana cewa rahoto irin wannan ba ya tabbatar da cewa na'urar ce sanadi, tunda kowa na iya shigar da shi ba tare da an bincika ba. Kamfanin ya ce gwaje-gwajensa sun nuna da wuya soson ya yi wa lafiya illa mai yawa, amma a Oktoban 2023 hukumar ta ce gwajin bai wadatar ba, ta nemi ƙari. A Afrilun 2024 wata kotun tarayya ta amince da yarjejeniyar da ta hana kamfanin sayar da sababbin na'urorin barci a Amurka har sai ya cika wasu sharuɗɗa, kuma a cikin watan na Afrilu ne ya amince ya biya dala biliyan 1.1 domin sasanta ƙararrakin masu cewa an cutar da su, ba tare da ya amsa laifi ba. Abin da ya tabbata ke nan: aibin soson gaskiya ne, janyewar gaskiya ce, amma cewa duk na'urar da ke ɗauke da sunan Philips tana haddasa sankara ƙari ne a kan abin da aka tabbatar. DreamStation 2 ba ta cikin janyewar soso, ko da yake a Nuwamban 2023 hukumar ta yi gargaɗi daban game da rahotannin ɗaukar zafi da hayaƙi a cikinta.

Wannan batu ya shafi duk ƙasar da ake shigo da kayan asibiti na hannu, kuma ya fi shafar ƙasashe masu zafi, domin tsohuwar na'urar da aka daina amfani da ita a Turai ko Amurka tana iya ɓullowa a kasuwa da sauƙin kuɗi, ko ɗan'uwa ya aiko da ita da kyakkyawar niyya. A ƙarƙashin kowace na'ura akwai takarda mai ɗauke da sunan samfuri da lambarta da ranar ƙira, kuma ita ce ya kamata a fara dubawa. Baƙin gari a cikin tiyo ko tukunyar ruwa alama ce ta lalacewar soso, amma rashin ganinsa ba shaidar lafiyar na'urar ba ne.

Da'awar cewa na'urorin ƙasar Sin jabu ne

Masu wannan magana sukan kafa hujja da cewa araha ba ta ado, amma ƙasar da aka ƙera na'ura ba ita ce ma'aunin ingancinta ba. Na'urorin BMC na birnin Beijin ana sayar da su a Amurka da sunan Luna bisa amincewar FDA, kuma sun cike giɓi sosai a lokacin da janyewar 2021 ta haɗu da ƙarancin ƙananan kayan lantarki ta jawo ƙarancin na'urori. Haɗarin gaske yana ga na'urar da ba ta da rajistar wata hukuma, irin su NAFDAC a Nijeriya, da kuma ƙananan abubuwan da ake tallatawa a intanet a matsayin CPAP marar tiyo da ake cusawa a hanci, waɗanda ba su da injin da zai samar da matsin da ake buƙata.

Da'awar cewa na'ura mai sarrafa kanta ta wadatar ba sai an ga likita ba

Wannan ƙarya ce mai haɗari. Akwai wani nau'in ɗaukewar numfashi da ba toshewa ke kawo shi ba, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin aika umarnin numfashi, kuma an fi ganinsa ga masu gazawar zuciya da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki da masu shan magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Gwajin barci ne kaɗai ke bambance nau'o'in biyu, kuma bisa sakamakonsa likita ke tsayar da iyakar matsi. Haka kuma na'ura mai matsi biyu, wadda aka fi sani da BiPAP, sunan da Respironics ya raɗa wa tasa, ba ta zama mafi inganci don ta fi tsada ba. Jagorar ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta 2019 ta fifita CPAP ko APAP a kanta ga mai toshewar numfashi na yau da kullum, ana kuma ajiye ta ga wanda ke buƙatar matsi mai yawa ko mai raunin numfashi.

Da'awowi game da takunkumi da lantarki da tsafta

Ba gaskiya ba ne cewa dole takunkumi ya zama na kamfanin da ya ƙera injin, domin yawancin tiyo suna da baki ɗaya mai faɗin milimita 22, in ban da ƙananan na'urorin tafiya irin su AirMini da ke da nasu mahaɗin. Takunkumin da ya zauna daidai a fuska ba ya yoyon iska ya fi sunan inji tasiri a kan nasarar magani. Abin lura shi ne wasu takunkuman suna da maganaɗisu a maɗaurinsu, kuma Philips a 2022 da ResMed a 2023 duk sun yi gargaɗi cewa yana iya dagula na'urar daidaita bugun zuciya da wasu ƙarafan da ake dasawa a jiki, ko na mai amfani ko na abokin kwanansa.

Tsoron cewa mutum zai shaƙe idan aka ɗauke wuta shi ma ya wuce gona da iri, saboda takunkumi yana da ƙananan hudoji na fitar iska, mai rufe hanci da baki kuma yana da bawul da ke buɗewa da zarar matsi ya faɗi, sai dai ciwon yana dawowa nan take a sauran daren. Saboda haka inda wuta ba ta tsayawa, samun batir ko inbata yana cikin lissafin saye, kuma kashe na'urar ɗumama ruwa yana tsawaita cajin sosai. Na'urar ba ta ba da oksijin, iskar ɗaki take hurawa, don haka matatar da ke bayanta tana buƙatar dubawa akai-akai a lokacin hunturu, lokacin da ƙura ke mayar da farar matata ja cikin 'yan kwanaki. Injinan tsaftace na'urar masu amfani da iskar ozon ko haske kuwa, FDA ta yi gargaɗi a kansu tun Fabrairun 2020, kuma ozon yana cikin abubuwan da ke hanzarta lalata soson da ya jawo janyewa. Ruwan ɗumi da sabulu maras ƙamshi sun isa.

Da'awar cewa mallakar na'ura mai kyau tana kare zuciya

An tabbatar da cewa na'urar tana rage minshari da gyangyaɗin rana, tana kuma ɗan sauko da hawan jini, amma wani babban bincike mai suna SAVE da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi mutane 2,717 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, bai ga raguwar bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, kuma mahalartan da aka ba na'urar awa 3.3 kacal suke amfani da ita a dare a matsakaici. Wannan adadi yana nuna inda matsalar take, domin mafi ƙarancin abin da ake ɗauka a matsayin bin magani shi ne awa 4 a kashi 70 cikin ɗari na darare, kuma mutane da yawa ba sa kaiwa nan. Na'urar tana aiki ne a daren da aka sa ta kawai, ba ta kawar da sanadin ciwon, shi ya sa rage ƙiba da guje wa magungunan barci da barasa suke tafiya tare da ita.

Saboda haka duk mai niyyar saye ya fara da gwajin barci da takardar likita, sannan ya tambayi mai sayarwa ranar ƙirar na'urar da rajistarta, da awannin da injin ya riga ya yi idan ta hannu ce, da inda za a samu matata da tiyo da takunkumi idan sun tsufa, da wanda zai karanta rahotonta ya gyara matsi. Wanda kuma yake da ɗaya daga cikin samfuran da aka janye, kada ya daina amfani da ita bisa ra'ayin kansa, ya kai ta wurin likitansa su auna haɗarin soson da haɗarin barin magani, su kuma nemi madadi da wuri.