Motar Ƙungiya Da Shan Mai

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu da suka mallaki motar ɗaukar kaya sun san irin wahalar da aka sha kafin a tara kuɗinta. To, sayen mota dabam, ciyar da ita dabam. A shekarar 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, litar fetur kwabo 20 ce. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mu a Sakkwato abin ya fi yi mana zafi, gama tankokin mai sai sun ratso ƙasar nan tun daga kudu kafin su iso mu, kuɗin dakon kuwa a kanmu yake.

Muna da wata tsohuwar mota mai shan fetur wadda take kwaso albasa da tumatir kullum daga fadamun wajen Kware zuwa kasuwar Ramin Kura. Kuɗin mai ya yi ta cin ribar, har waɗansu a wurin taro suka fara zargin direba da sayar wa 'yan bumburutu. Saura kaɗan a sallame shi. Wani dattijo ya ce a dakata, a sayi littafi tukuna.

Ga yadda aka yi. Aka cika tanki fal, aka rubuta kilomitar da agogon mota ya nuna. Ran da aka koma gidan mai aka sake cikawa fal, aka rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka ci. A ce mota ta yi kilomita 300 ta sha lita 60, watau kilomita 5 ke nan a kowace lita. Ma'aji ya bi motar da kansa mako biyu, shan man bai canja ba. Ashe ba direba ba ne. Da bakanike ya ɗaga motar sai ya tarar birkin baya ɗaya yana kamawa, ƙafar ma da ƙyar take juyawa da hannu. Wata da watanni injin yana jan kaya yana kuma kokawa da birki. Muka ba direba haƙuri a gaban jama'a.

Hanyar gane wannan ba wuya. Bayan tafiya a kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi akwai magana.

Sai taya. Tayar da iskarta ta ragu tana nauyin juyawa, tana kuma saurin fashewa a zafin Afrilu. A kai wa mai faci ya auna da ma'auni da sassafe kafin tayar ta yi zafi, kada a yarda da buga ƙafa ko ƙwanƙwasawa da ƙarfe.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, wadda kanikawa suke kira iyakilina. A tsohuwar mota mai kafireta, toshewar nan tana sa injin ya zuƙi mai fiye da kima, za a ga baƙin hayaƙi a salansa. A sababbi masu injekta ƙarfin mota ne ya fi raguwa. Ko wace iri ce, a duba ta kowane mako lokacin hazo, a duba fulogi ma.

Direbobi suna da al'ada guda biyu da ba mu yarda da su ba. Ta farko, barin injin yana aiki ana loda buhuna, wai tayarwa ta fi cin mai. Ba haka ba ne, man da tayarwa take ci bai kai na minti ɗaya a tsaye ba. Idan batir ne ya mutu ake tsoron turi, a sayi batir. Ta biyu ta fi muni, watau kashe injin a gangara. A motoci da yawa birki da sitiyari suna samun ƙarfi daga injin ne, ɗan man da aka rage kuma bai kai ran yaron mota ba. Gudu ma yana da tsada, domin in aka ninka gudu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, balle an jibga kaya sun yi tsiri. A hanyar Illela ko ta Gusau direba ya sa babbar giya, ya riƙe totur daidai.

Amma inda muka fi samun sauƙi ba a gareji ba ne. Littafin ya nuna mana motar tana komawa ƙauye wayam kusan kullum. Yanzu 'yan ƙungiya suna rubuta bukatunsu tun ran Lahadi, taki ne, dusa ce, ko siminti, motar ta komo da su a biya ɗan kuɗin dako. Ranar da kaya bai kai rabin mota ba, mukan haɗa da na ƙungiyar maƙwabta a raba kuɗin mai bisa yawan buhu.