Kuɗin Makarantar da Ke Ɓoye a Cikin Kuɗin Gida: Abin da Alƙaluman Amurka Ke Nunawa

A Amurka makarantar gwamnati kyauta ce, tun daga ajin share fage har ƙarshen sakandare, shekara 13 ba a karɓar kuɗin zango. Sai dai a yawancin wurare adireshin gida ne ke yanke wa yaro makarantar da zai shiga. Ƙasar na da gundumomin ilimi kusan 13,000, kowace da iyakarta, a cikin gunduma ma kowace makaranta da unguwannin da take ɗauka. Ba a wasa da wannan ƙa'ida. A 2011 wata uwa a garin Akron na jihar Ohio ta yi kwana tara a kurkuku saboda ta rubuta adireshin mahaifinta a takardun makaranta, don 'ya'yanta mata biyu su samu shiga gundumar da ta fi tata. Saboda haka magidancin da aiki ko karatu ya kai shi wani gari da iyalinsa, ranar da ya sa hannu a takardar haya ya riga ya zaɓa wa 'ya'yansa makaranta, ko ya sani ko bai sani ba.

Adadin da aka fi yawo da shi ya fito ne daga cibiyar Brookings a 2012. Jonathan Rothwell ya duba manyan birane 100 na ƙasar, ya kwatanta gidajen da ke kusa da makarantun da suka fi cin jarrabawa da na kusa da waɗanda suke ƙasa. Zama kusa da na farkon ya ninka tsada sau 2.4, wato ƙarin kusan dala 11,000 a shekara. Wajen saye kuwa, tazarar farashi ta kai dala 205,000. Duk wanda ya ji wannan sai ya ce to, ashe kuɗin makarantar ke nan aka tura cikin kuɗin gida.

Da gaskiya a ciki, amma rahoton da kansa ya nuna inda gizo ke saƙa. Gidajen unguwannin manyan makarantun sun fi girma da kimanin ɗaki ɗaya da rabi, gidajen haya kuma sun yi ƙaranci sosai a cikinsu, galibi saboda dokokin gini da ke hana a gina ƙananan gidaje ko benaye masu yawan ɗakuna. Ke nan mai biyan dala 205,000 ɗin nan yana sayen ƙarin ɗaki, da fili, da titi mai shiru, da maƙwabta masu hali, makarantar tana ɗaya daga cikin kayan da ke cikin ɗaurin.

Nawa ne kason makarantar ita kaɗai? Wata mai bincike, Sandra Black, ta bi wata dabara a 1999 wadda har yau ake amfani da ita. A garuruwan da ke kewayen Boston ta kwatanta gidajen da ke dab da layin da ya raba yankin makarantar firamare ɗaya da wata: unguwa ɗaya, haraji ɗaya, gunduma ɗaya, abin da ya bambanta kawai makarantar da yaro zai je. Ta samu cewa idan makin jarrabawa ya ɗara da kashi 5 cikin 100, farashin gida yakan ɗara da kashi 2.5. Wannan kusan rabin abin da ake samu ne idan ba a ware tasirin unguwa ba. A gidan dala 400,000, kashi 2.5 dala 10,000 ne, biya ɗaya. A Ingila ma'aikatar ilimi ta yi irin wannan lissafi a 2017, ta samu ƙarin kashi 8 kusa da firamaren da ke sahun kashi 10 na sama, da kashi 6.8 kusa da sakandare. Kuɗi ne, amma ina aka kai ga ninki biyu da ɗoriya?

A nan ne nake ganin iyaye suka fi yin asara, wajen karanta makin da kansa. Shafukan dillalan gidaje da yawa suna liƙa wa kowane gida lambar makarantar da ke kusa, daga 1 zuwa 10, yawanci daga GreatSchools, wani shafi da ke ba makarantu maki. Mutum ya ga 9 sai hankalinsa ya kwanta, ya ga 5 sai ya wuce. Alhali tun rahoton James Coleman na 1966 aka san cewa makin jarrabawa ya fi bin halin gidan da yaro ya fito fiye da abin da aka yi masa a aji. Makarantar da ke tara 'ya'yan likitoci da lauyoyi za ta ci maki ko da malamanta tsaka-tsaki ne. Yaba mata a kan wannan kamar yaba wa dillalin kara ne a kan ƙibar ragon da wani ya turke. Masu GreatSchools ma sun sha suka a kan haka, har a 2020 suka sake tsarin, suka ƙara wa ci gaban ɗalibi nauyi.

Ci gaban nan shi ne adadin da ya kamata a nema: yaro ya shigo aji da kaza, ya fita da nawa? Sean Reardon na jami'ar Stanford ya bi wannan sawu a 2017, sakamakon ya ba mutane mamaki. Yaran makarantun gwamnati na Chicago, birnin da ba a cika yabon makarantunsa ba, suna ƙasa da matsakaicin ƙasa a aji uku. Amma daga aji uku zuwa aji takwas sun koyi abin da ya kai na shekara shida a cikin shekara biyar, sun zarce kashi 96 cikin 100 na gundumomin ƙasar a saurin koyo. Akwai gundumomi masu tsada da ke da maki a sama amma yaransu tafiyar kowa da kowa suke yi. Wanda ya ci bashi ya shiga irinsu ya sayi maƙwabta ne.

Kada a ɗauka maƙwabta ba komai ba ne. Tsakanin 1994 da 1998 gwamnatin tarayya ta yi gwaji da iyalai kusan 4,600 a Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York. An yi ƙuri'a, wasu suka samu tallafin haya bisa sharaɗin komawa unguwar da talauci bai yi katutu ba. Da masu bincike Raj Chetty, Nathaniel Hendren da Lawrence Katz suka bi yaran har girmansu, sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka tashi kafin su cika shekara 13 suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 31 a tsakiyar shekarunsu na ashirin. Waɗanda aka tayar bayan sun wuce 13 ba su ci riba ba, har ma akwai alamar tashin ya ɗan cutar da su. Wani nazarin na Chetty da Hendren a kan iyalai sama da miliyan 7 ya ce kowace shekara da yaro ya yi a wuri mafi kyau tana cike kimanin kashi 4 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsa da 'yan asalin wurin. Tashi da ɗan shekara huɗu daban, tashi da ɗan shekara goma sha biyar daban, ko da gidan ɗaya ne kuɗin ma ɗaya.

Sai lissafin da kowa zai iya yi a bayan takarda. A ɗauki dala 11,000 ɗin nan yadda take. Mai ɗa ɗaya zai biya ta shekara 13, dala 143,000 ke nan a kan yaro guda. Mai 'ya'ya uku da tazarar shekara uku-uku zai zauna shekara 19, ya biya dala 209,000, amma ya samu shekarun karatu 39, kowace ta tashi a kan kimanin dala 5,360. Gida ba ya ƙara kuɗi don an ƙara yaro, makarantar kuɗi kuwa kai-kai take ƙirga. Shi ya sa unguwa mai tsada ta fi yi wa mai tarin iyali riba, irin iyalan da mutanenmu suka saba da su, idan har ya samu gidan da zai ɗauke su. Mai saye kuma yana da begen dawo da wani abu ranar da ya sayar. Abin da ɗan haya ya biya ya tafi ke nan.

Ga mai saye da bashin banki, kuɗin ruwa na iya juya lissafin gaba ɗaya. A Janairun 2021 ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65, a Oktoban 2023 ya kai 7.79. Ƙarin dala 205,000 a kan ruwa kashi 3 yana cin kimanin dala 864 a wata, a kan kashi 7 yana cin 1,364. Ga harajin gida a kai, wanda shi ne ƙashin bayan kason da ƙananan hukumomi ke zubawa, kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin makarantun ƙasar. A New Jersey harajin yakan kai wajen kashi 2 na darajar gida a shekara, a Hawaii bai kai rabin kashi ɗaya ba.

Ma'aikatar gidaje ta Amurka na ɗaukar duk iyalin da gida ke cinye fiye da kashi 30 na samunsu a matsayin waɗanda kaya ya yi wa nauyi. A 2022 iyalai 'yan haya miliyan 22.4 ne a wannan hali, rabin 'yan hayar ƙasar, miliyan 12.1 daga cikinsu fiye da rabin samunsu suke bayarwa, in ji cibiyar nazarin gidaje ta Harvard. Gudun tsada zuwa bayan gari ma da nasa farashin, araha ba ta ado: wata cibiya a Chicago, Center for Neighborhood Technology, ta ba da shawarar a haɗa gida da sufuri, kada su wuce kashi 45. Ma'aikacin Abuja da ke kwana a Mararaba ko Suleja ya gane wannan tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Bambancin dai a nan gida kuɗin makaranta a fili yake, da rasidinsa kowane zango, can kuwa sai an tono shi.

Ga wanda ke shirin tashi da iyali, ra'ayina shi ne ya fara da shekarun yaran. In ƙanana ne, kuma suna da yawa, ya ƙoƙarta ya shiga unguwa mafi kyau da wuri, ko da a ƙaramin gida ne. In babban ya shiga sakandare kuma yana tafiya daidai, a bar shi ya gama inda yake. A kowane hali ya buɗe shafin ma'aikatar ilimi ta jihar ya duba adadin ci gaban ɗalibai, ya kira ofishin gunduma ya tabbatar da makarantar da adireshin ke bi, domin ana sake zana iyakokin. Makaranta mai lamba 6 da yaranta ke gaba da sauri, a gidan da bai wuce kashi 30 na albashi ba, ta fi mai lamba 9 da za ta sa uba ya kama aiki biyu.