Minti 15 na farko: abin da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suka gano game da wanda rami ya rufta wa

A Birchi, da ma duk yankin Kurfi da Dutsin-Ma, ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Iyakarmu ƙanƙarar da kan zubo tare da ruwan sama jefi-jefi, sai kuma sanyin hunturu. To me ya kawo maganarta nan? Wata tambaya ce ta ja mu: idan ramin yashi ko ramin jar ƙasa ya rufta da mutum, minti nawa ke gare shi kafin a makara? Da muka bi sawun amsar, sai muka tarar cewa mutanen da suka fi kowa tattara alƙaluma a kan binnewar mai rai su ne masu binciken zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai.

Dalilin ba boyayye ba ne. A can akwai masu wasan zamiya da ba sa tsayawa a filayen da aka gyara aka sa wa masu gadi. Sukan saɓa kayansu su hau tsauni da ƙafa, su gangaro ta inda babu wanda ya share musu hanya. Ko a nan Afirka ana yi, a tsaunukan Atlas na Maroko, wajen Oukaïmeden da Toubkal. Wani lokaci dusar da ta taru a jikin gangare sai ta ɓalle gaba ɗaya, ta kwaso mutum ta binne shi. A ƙasar Suwizalan kaɗai, idan aka yi matsakaicin lissafi na shekaru masu yawa, sama da mutum 20 ke rasuwa ta wannan hanya duk shekara. Tun 1936 suke da wurin bincike na musamman a saman garin Davos, wanda ya zama cibiyar da ake kira SLF, kuma kusan duk hatsarin da ya faru sai an rubuta shi: ƙarfe nawa, zurfin nawa, wa ya tono mutumin, da rai ko babu.

Abin da alƙaluman suka nuna

A shekarar 1994, Markus Falk da Hermann Brugger da abokiyar aikinsu suka wallafa nazarin mutum 422 da dusar ta binne a Suwizalan tsakanin 1981 da 1991. Waɗanda aka tono cikin minti 15, kashi 92 cikin ɗari an same su da rai. Da aka kai minti 35, sai adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 30. Ku duba fa, minti 20 kacal ne tsakani, wato bai kai lokacin da ake ɗauka a dafa shinkafa ba.

Mutane da yawa za su ɗauka sanyi ne ke kashe su. A'a. Mafi yawansu, kusan uku cikin huɗu, shaƙewa ce. Dusar kan cushe baki da hanci. Ko da akwai ɗan sarari a gaban fuska, mutum yana ta sake shaƙar iskar da ya fitar, oksijin na raguwa, kabon dayoksaid na taruwa. Ɗumin numfashin kuma yakan narkar da dusar da ke gaban fuskar, ta sake daskarewa ta zama kamar murfin gilashi, iska ta daina ratsowa. 'Yan kaɗan da suka wuce minti 35 da rai, galibi waɗanda suka dace da sararin iska ne kuma bakinsu bai toshe ba.

Daga nan masu hawa tsaunin suka fahimci wani abu mai ɗaci. Ƙasashen nan suna da jirage masu saukar ungulu, da karnukan da aka horar, da likitoci a shirye. Amma kafin a kira, jirgi ya tashi, ya iso, sau da yawa mintunan nan sun tafi. Don haka wanda zai ceci mutum shi ne abokin tafiyarsa da ke tsaye a wurin. Duk kayan da suke ɗauka, a kan wannan aka gina su.

Na'urar da ke cewa "ga ni nan"

Abu uku ne ba a hawa sai da su: 'yar na'urar da suke kira bikon, da doguwar sandar tsokace, da shebur.

Bikon ɗin bai fi girman wayar hannu ba, ana ɗaura shi a ƙirji a ƙarƙashin rigar sanyi don kada dusar ta fizge shi. Wani injiniya a Amurka mai suna John Lawton ne ya ƙera na farko mai aiki a 1968. Daga baya, a 1986, aka amince kowane kamfani ya yi nasa a kan zango ɗaya, kilohaz 457, domin na'urar wannan ta ji ta wancan. Masu sauraren rediyo za su gane: wannan yana ƙasa kaɗan da matsakaicin zango, a kan mita 656 ke nan. An zaɓi irin wannan dogon zango ne saboda dusar ƙanƙara da jikin mutum ba sa tare shi sosai.

Tun daga gindin tsauni kowa ke kunna tasa, tana aika sigina kusan sau ɗaya a kowane daƙiƙa. Idan dusa ta binne ɗaya, sauran sai su juya nasu daga aikawa zuwa nema. Wannan juyin yana da muhimmanci, domin in mutum ɗaya ya manta, sai a yi ta bin siginarsa alhali yana tsaye a cikin masu nema. Na'urorin yanzu sukan fara jin sigina daga nisan mita 40 zuwa 70, su nuna kibiya da lamba. Wani abin sha'awa shi ne kibiyar ba ta kai ka kai tsaye. Layukan maganaɗisun da ke fitowa daga na'urar a lanƙwashe suke, kamar yadda garin ƙarfe ke jeruwa a kewayen maganaɗisu a ajin kimiyya, saboda haka mai nema yakan yi tafiya mai baka kafin ya iso. Idan lamba ta yi ƙasa sosai, sai ya durƙusa yana jan na'urar a kan dusar har ya sami mafi ƙarancin lamba, sannan a soka sanda, mai tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, har a ji an taɓa mutum. A bar sandar a nan, kada a zare. Wayar hannu kan rikita na'urar, shi ya sa ake nisanta su da juna, aƙalla santimita 20 lokacin aikawa, rabin mita lokacin nema.

Sai dai wanda ya ƙware yakan gama neman nan cikin 'yan mintuna. Abin da ke cinye lokaci shi ne tono. Dusar da ta zaftaro ba ta da laushin auduga kamar yadda ake gani a hoto, dunƙulewa take yi ta yi tauri, kuma don a fito da wanda ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe fiye da tan guda. Sun kuma gano cewa tono daga sama kai tsaye kuskure ne: kana tsaye a kan mutumin, kana danne ɗan sararin iskarsa, ramin kuma yana ƙara ƙunci. Sai su koma ta gefen gangare, su shigo masa ta gefe, na gaba yana sara, na baya suna turawa, ana musanya na gaba kafin ya gaji.

Rahoton ranar

Kafin a kai ga wannan duka, akwai karatun yanayi. Dusa ba ta sauka rana ɗaya, hawa-hawa take taruwa, kuma wani hawan yakan zama mai rauni, kamar sukari, wani mai tauri ya hau kansa. Idan mutum ya taka, raunannen hawan ya karye a ƙasa, tsagewar sai ta bazu, falle guda ya sulɓe. An fi samun haka a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. Kuma a mafi yawan hatsarin da ke rutsawa da masu wasan, wanda aka binne ne ko wani cikin tawagarsa ya tayar da ita.

Tun 1993 ƙasashen Turai suke da ma'aunin hatsari mai mataki 5, kuma SLF kan fitar da sanarwa safe da yamma a lokacin sanyi. Waɗanda suka dawo daga tsauni su ma sukan rubuta abin da suka gani: a wuri kaza mun ji dusa ta yi "wuf" a ƙarƙashinmu, a gefe kaza mun ga tsaga. Abin mamaki, kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, ba na 5 ba. A na 5 kowa yana gida. A na 3 ne wuri ke kama da lafiya lau, mutum ya ce ai jiya ma mun bi ta nan.

Mu dawo gida

Wannan "jiya ma mun yi" ɗin, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ramin da ake lodin tifa ya san shi. A yankinmu ana haƙar yashi a gaɓar rafi, ana tonon jar ƙasa da marmara don gini da cikon hanya, ana haƙa rijiya da masai, ga kuma ramukan ma'adinai. A watan Nuwamba na 2021, ramukan zinariya sun rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Issa a jihar Maraɗi, rahotannin farko suka ce aƙalla mutum 18 sun rasu. A watan Yuni na 2024 an sake ganin irin haka a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, bayan ruwan sama mai yawa.

Me ke sa bangon rami ya tsaya, kuma me ke sa ya faɗi? Busasshen yashi, in ka zuba shi, ba ya tsayawa a tsaye, yakan kwanta a karkatar kusan digiri 34. Amma mai ɗan damshi yakan tsaya cak kamar katanga, domin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yana jan su yana haɗa su. Wannan ƙarfin aro ne. In rana ta busar da bangon, ya tafi. In ruwan Agusta ya cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin, nan ma ya tafi, ga ƙarin nauyi. Inda kuma yashi ke zaune a kan laka, ruwa kan sauka ya tsaya a mahaɗarsu, ya zama tamkar raunannen hawan nan na dusa. Ƙara da ƙwaƙule gindin bango don sama ta faɗo da kanta a huta da sara, da tara ƙasar da aka fitar a bakin rami, da tifa da ke tsaye a gefe injinta na girgiza ƙasa. Alamun ma kusan iri ɗaya ne da na tsauni: tsaga a sama tana bin bakin ramin, ƙasa tana ɗan zubowa daga jikin bango, ruwa yana tsattsafowa, ko gindin bango ya kumburo. A dokar aikin gini ta Amurka, ramin da ya kai kusan mita ɗaya da rabi sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, kuma ƙasar da aka fitar sai ta yi nisan aƙalla santimita 60 daga baki.

A nan ne ya kamata mu yi hattara da kwatancen, domin ƙasa ta fi dusa muni. Mita ɗaya ta ko'ina, tsawo da faɗi da zurfi, na dusar da ta zaftaro yakan kai kilo 300 zuwa 500. Na ƙasa kuwa kilo 1,500 zuwa 2,000 ne, wato buhun siminti 30 zuwa 40. Dusa tana da iska a cikinta, jiƙaƙƙen yashi kusan babu. Sannan ko kan mutum yana waje, in ƙasa ta kai masa ƙirji zai iya shaƙewa: duk fitar da numfashi ƙirji na raguwa, yashi ya cike gurbin, ya kasa sake buɗewa. Ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin. Saboda haka a ganinmu minti 15 ɗin can, ga ramin yashi, alfarma ce da ba lallai a samu ba. In a tsaunukan Turai jirgi yana makara, ina ga motar da za ta taso daga Dutsin-Ma ko Katsina?

Shin sai mu sayo wa masu haƙa bikon? Ba mu ga haka ba. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma matsalar da yake warwarewa ba tamu ba ce sosai. Dusa kan ja mutum ɗaruruwan mitoci ta ɓoye shi a fili mai faɗi, shi kuwa bangon rami a inda mutum yake tsaye yake danne shi. Abin da ya fi amfani a ara shi ne ɗabi'ar da ke tare da na'urar. Masu zamiya ba sa shiga gangare mai hatsari gaba ɗaya, ɗaya ke ratsawa sauran na kallo daga wuri mai aminci, don in ta ɓalle a sami mai tono, kuma a san inda aka yi masa ganin ƙarshe. A bakin rami, wannan na nufin mutum guda yana sama kullum, idonsa a kan bango, ya san mutum nawa ne a ciki da inda kowa yake, da shebur a ajiye a sama, ba duka a ƙasa ba inda za a binne su tare da masu su. Ɗan labarin da za a ba waɗanda za su karɓi aiki, cewa gefen gabas ya tsage tun safe, shi ne namu rahoton.

Idan kuma abin ya faru, a kira agaji nan take, lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma kada a zauna jira. Wuri mafi wuya shi ne hana jama'a rugawa. Bangon da ya faɗi sau ɗaya yakan sake faɗuwa, kuma taron da ke bakin rami nauyi ne a kansa. A janye mutane da motoci baya, a kashe injuna, a yi shiru na ɗan lokaci ko za a ji motsi, a sa alama a inda aka ga mutumin ƙarshe, wani ya ci gaba da lura da bango. A yi tono ta gefe, da shebur da kwanon sarki, in an matso kusa a koma hannu. Diga da motar haƙa ba su da ido, ba a kai su kusa da inda mutum yake. Da an ga kai, a share baki da hanci, a buɗe ƙirji, kafin a damu da ƙafafu. Kada a ɗaura masa igiya a ja da ƙarfi, balle da mota, ƙasa ba ta sakin abin da ta riƙe sai an tone shi. In ba ya numfashi, a fara danna ƙirji tare da hura masa iska, domin rashin iska ne asalin matsalarsa.

Ko ya tashi yana magana yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, musamman in ya daɗe a danne. Tsokar da nauyi ya matse takan saki sinadarin fotashiyam da wani furotin cikin jini bayan an ɗage nauyin, na farkon ya rikita bugun zuciya, na biyun ya toshe ƙoda cikin sa'o'i ko kwanaki. In fitsarinsa ya koma ja ko kalar baƙin shayi, a gaya wa likita, a kuma faɗa masa tsawon lokacin da ya yi a ƙarƙashin ƙasa.