'Ya'yan zomon daji a gonakin Mafaza: yaushe ne maraya, kuma yaya ake rainonsa?

Daga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da manoman Mafaza da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan ke yankan riɗi da girbin dawa, yara da 'yan ƙwadago kan ci karo da ɗan zomo kwance shi kaɗai cikin ciyawa. Ba uwa a kusa, ba rami, ba ya ko yunƙurin gudu. Tausayi kan sa a ɗauke shi a kai gida, a ba shi madarar shanu, kuma sau da yawa ba ya wuce 'yan kwanaki.

Ba Hausawan Mafaza kaɗai abin ya shafa ba, waɗanda kakanninsu da dama suka iso ƙasar ta hanyar aikin hajji. Irin wannan zomo ne ake gani a gonakin Maraɗi da Damagaram da arewacin Kamaru da Chadi. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, yawancin waɗannan 'ya'yan ba marayu ba ne.

Zomon daji daban, zomon gida daban

Hausa na kiransu duka zomo, Larabcin Sudan ma arnab yake ce musu, amma dabbobi ne biyu. Zomon da ake kiwo a keji asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake. Yana haihuwa bayan kwana 31 ko kusa da haka, 'ya'yan suna zuwa tsirara ba gashi, idonsu a rufe har kimanin kwana 10.

Zomon dajin Sudan da Sahel, mai dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafun baya, ba ya haihuwa a rami. Cikinsa yana kai kimanin kwana 42, ɗan yana faɗowa da gashinsa, idonsa a buɗe, a wani ɗan loko cikin ciyawa. Dabararsa ta tsira ita ce ya lafe bai motsa ba.

Uwar da gangan take nesa da shi, don kada ta jawo masa dila ko shaho ko kare. Binciken da aka yi kan danginsa na Turai ya nuna sau ɗaya take shayarwa a yini, bayan faɗuwar rana, na 'yan mintoci kawai. Da rana 'ya'yan kan warwatsu, da magariba su taru inda aka haife su. Saboda haka wanda ya ga ɗan zomo shi kaɗai da hantsi, ya ga abin da aka saba ne.

Yadda ake gane maraya

Ana iya cewa ɗan zomo na bukatar taimako idan an ga gawar uwar, misali tarakta ta bi ta kanta, ko kare ya kama ta, ko gobarar daji ta cinye wurin. Haka nan idan jikinsa ya yi sanyi, ko yana da rauni, ko tururuwa da ƙudaje sun rufe shi, ko yana kwance a gefe ɗaya ba ƙarfi.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, a bar shi. In an riga an ɗauko shi, a mayar da shi daidai wurin kafin magariba. Maganar cewa uwa na ƙin ɗanta don ya yi warin hannun mutum ba ta hana a mayar da shi. In wurin za a yanke, a bar masa ɗan kewayen ciyawa. Washegari da sassafe a leƙa: cikin da ya cika ya yi ɓulɓul alama ce ta cewa uwa ta zo.

Malamai kan kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata. Ta fuskar doka kuma, Sudan na da dokar kare namun daji ta 1986, kuma ɗaukar dabba daga gandun dajin Dindir, wanda aka kafa a 1935 kudu da wannan yanki, laifi ne.

Abin da ya sa madarar shanu ke kashe shi

Tun da sau ɗaya ake shayar da shi, nonon uwarsa mai kauri ne ƙwarai. Maiƙon da ke cikinsa ya haura kashi 20 cikin 100, alhali na saniya bai wuce kashi 4 ba. Sannan sukarin da ke cikin nonon zomo kaɗan ne. Madarar shanu, musamman in an ƙara mata sukari, tana kawo masa zawo da kumburin ciki ba tare da ta ƙosar da shi ba. Kunu da madarar jarirai da ta gwangwani mai zaƙi duk haka suke.

Abu na biyu shi ne tsoro. Yawan taɓawa, hayaniyar yara da warin kare ko kyanwa na iya sa ya daina ci har ya mutu ba tare da rauni ba. Na uku shi ne shaƙewa: in madara ta bi ta hanci ta shiga huhu, ciwon huhu ke biyo baya.

In ya zama dole a raine shi

Da farko a ɗumama shi kafin a ba shi komai. A sa shi cikin kwali mai busasshiyar ciyawa, a ɗaki mai duhu da shiru, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a gefe ɗaya, yadda zai iya matsawa in zafi ya yi yawa.

A birane masu ceton dabbobi kan yi amfani da garin madarar 'ya'yan kyanwa. Inda babu, madarar akuya ce mafi kusa. A tafasa ta, ta huce zuwa ɗumin jiki, a ƙara mata ɗan maiƙon da ke taruwa a saman madara, ba sukari.

A ba shi da ƙaramin sirinji wanda aka cire wa allura, ɗigo-ɗigo ta gefen baki, yana zaune kan ƙafafunsa. Kada a kwantar da shi rigingine kamar jariri. Sau biyu zuwa uku a rana ya isa, a tsaya da zarar cikin ya cika bai yi tauri ba. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi, a wanke sirinjin da tafasasshen ruwa kowane lokaci. In bai yi fitsari ba, a shafa ƙasan cikinsa da auduga mai ruwan ɗumi.

Tun daga mako na farko zuwa na biyu a ajiye masa busasshiyar ciyawa, sannan a fara ƙara ɗanya kamar kiri-kiri da harƙiya kaɗan-kaɗan. A guji ciyawar gefen gonar da aka yi wa feshi. A kuma guji ɗanyen tohon dawa, wanda makiyaya suka san yana ɗauke da guba mai kayar da dabba.

Kada a ba shi maganin mutane. Penicillin da amoxicillin in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, kuma hakan na iya halaka shi. In kyanwa ko kare ya cije shi, sai likitan dabbobi. Zomon daji kan zo da kaska da ƙuma, don haka a wanke hannu da sabulu, a nisanta shi da ɗakin kwana da kuma kejin zomayen gida.

Komawa daji

A daji uwa na yaye ɗanta a kusan mako huɗu. Wanda aka raina a gida, in ya daina shan madara yana cin ciyawa sosai, galibi tsakanin mako shida zuwa takwas, lokacin saki ya yi. Zomon daji ba ya sabo da keji. Yana girma yana ƙara firgita, yakan yi ta dukan waya har ya karya ƙafa ko baya, kuma ba ya haihuwa da zomon gida.

A sake shi da magariba kusa da inda aka tsince shi, a wuri mai ciyawa da ƙayoyi, nesa da karnuka da hanyar mota. Ko a hannun ƙwararru, da yawa daga 'ya'yan zomon da ake raino ba sa kai wannan rana. Shi ya sa manomin da ya tarar da ɗaya lafe cikin riɗi, jikinsa da ɗumi ba rauni, ya fi masa alheri ya kewaye wurin ya ci gaba da yankansa.