Mai Cutar Sakoidosis da Allurar Barci a Ɗakin Tiyata

Sakoidosis cuta ce da ke sa ƙananan ƙulluttai na kumburi su taru a cikin gaɓoɓin jiki. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ita, huhu take kamawa, shi ya sa akan rikita ta da tarin fuka. Takan kuma taɓa zuciya, idanu, fata da maƙogwaro.

Wannan ne ke sa likitan allurar barci taka-tsantsan kafin tiyata. Huhun da ya yi tabo ba ya ɗaukar iska sosai, don haka akan gwada ƙarfin numfashi. Ƙulluttan zuciya na iya dagula bugunta ana tsakar aiki, sai a fara da gwajin ECG. Kumburin maƙogwaro kuma kan wahalar da zura bututun numfashi. Ana duba sinadarin kalsiyam a jini ma, domin cutar kan ɗaga shi.

Wanda ya daɗe yana shan maganin prednisolone saboda cutar, jikinsa kan rage sarrafa nasa sinadarin kotisol, sai a ƙara masa hydrocortisone lokacin aiki. Idan aikin ya ba da dama, allurar kashe wani ɓangaren jiki kan fi sauƙi ga huhu.

Mai wannan cuta ya gaya wa likita duk magungunan da yake sha, kada kuma ya daina su da kansa.